Harsashin .17 HMR: Abin da Yake Iyawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Tun shekarar 2002 da ya shigo kasuwa, harsashin .17 HMR ya raba kan maharban Amurka da Ingila da Ostireliya. Wasu suna yabonsa har su ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba, wasu kuma suna ganin kayan wasa ne saboda ƙanƙantarsa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane irin harsashi ne wannan, kuma me sunan ke nufi?

Lamba .17 kaurin ƙwayar harsashin ce a ma'aunin inci, wato milimita 4.4, kusan kaurin ƙwayar dawa. HMR kuma gajarcewar Hornady Magnum Rimfire ce: M na nufin harsashi mai ƙarin ƙarfi, R kuma rimfaya, wadda bayaninta ke tafe. Harafin H na kamfanin Hornady ne, wanda ke garin Grand Island a jihar Nebraska. Shi ya ƙirƙiro harsashin, kamfanonin Marlin da Ruger kuma suka ƙera bindigogin farko da ke cinsa. Dabarar ba mai wuya ba ce. An ɗauki kwanson tsohon harsashin nan .22 WMR, wanda Winchester ya fitar a 1959, aka matse bakinsa ya tsuke kamar wuyan kwalba, aka sa masa ƙwaya siririya mai tsinin roba. Albarushin babban kwanso ne yake tura ƙwayar da nauyinta giren 17 ne kacal, giram 1.1 ke nan, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Shi ya sa take fita daga bakin bindiga da gudun ƙafa 2,550 a daƙiƙa, kimanin mita 777, ninki biyu na gudun sauti har da ɗoriya.

Me ake nufi da rimfaya?

Kowane harsashi yana da ɗan sinadarin da ke kunna albarushi idan allurar bindiga ta doke shi. A manyan harsasai wannan sinadari yana cikin ɗan ƙoƙo a tsakiyar gindin kwanso. A rimfaya kuwa an shafa shi ne a cikin leɓen da ya kewaye gindin, sai allura ta daki gefe ta lotsa shi, wuta ta tashi. Tsohuwar fasaha ce: Bafaranshe Louis-Nicolas Flobert ya fara ta a 1845, Smith & Wesson suka fitar da .22 Short a 1857, sannan .22 LR da ya cika duniya ya biyo baya a 1887.

Wannan tsari yana da sakamako biyu da ya kamata maharbi ya sani. Tunda dole tagullar kwanson ta zama mai laushi don allura ta iya lotsa ta, ba za a iya cusa masa matsi mai yawa ba, don haka rimfaya ba ya girma. Na biyu, kwanson da aka harba ya gama aiki, ba a sake ɗura shi kamar yadda maharban Amurka ke yi da manyan kwansaye a gida.

Ina ne aikinsa na ainihi?

Gonar alfalfa a gabashin jihar Oregon ko arewacin Kalifoniya, lokacin bazararsu. A can akwai wani ƙaramin kuregen ƙasa da ke fitowa ɗaruruwa a gona ɗaya, ya cinye ciyawar da aka shuka don shanu, ya tona ramuka ya tara ƙasa a bakinsu, tulin ƙasar kuma ya lalata wuƙaƙen injin yanka. Manomi kan bar maharba su shigo. Maharbi zai kafa tebur ko ya kwanta rub da ciki a gefen gona, dabbar da yake nema tsawonta bai fi tafin hannu da ɗan ƙari ba, tana tsaye a yadi 80, ko 120, ko 150, kuma zai iya yin harbi ɗari ko ɗari biyu kafin rana ta faɗi. A irin wannan wuri .22 LR ya kasa, domin kafin ya kai yadi 100 ya riga ya sunkuya da kusan inci biyar ko shida idan an saita shi a yadi 50. Babban harsashi kamar .223 Remington kuma ya yi yawa: ga tsada, ga ƙara, ga bututun bindiga da ke ɗaukar zafi da wuri. Tsakanin waɗannan biyu .17 HMR ya sami gurbi, kuma har yau a ajinsa ba a sami wanda ya ture shi daga nan ba.

Haka abin yake a filayen Dakota ta Kudu da Wyoming da Montana, inda ake harbin wata dabba dangin kurege da Amurkawa ke kira karen fili saboda kukanta mai kama da haushi. A gabashin ƙasar kuma akwai wani ƙaton ɗan uwansu mai tona ramuka a gonakin waken soya da ƙarƙashin rumbuna. Wannan ya fi nauyi, yakan kai kilo huɗu ko biyar, don haka masu hankali ba sa harbinsa da wannan harsashi daga nesa sosai.

A Ingila zomo ne babban abokin aikinsa. Dokar ƙasar ta 1954 ta ɗora wa mai gona a Ingila da Wales alhakin rage zomayen da ke ƙasarsa don kada su addabi maƙwabta. Da dare ake fita, da fitila ko madubin gani cikin duhu, kuma .17 HMR ya ba su damar kai wa zomon da ya waye, wanda ba ya bari a matso shi. Ana kuma harbin hankakan Turai da shi, amma sai a ƙasa.

Har zuwa wane nisa za a iya dogara da shi?

Alƙaluman Hornady da kansa sun isa amsa. Idan aka saita bindiga ta buga daidai a yadi 100, ƙwayar tana tafiya kusan miƙe tun daga bakin bindiga har wurin, ba sai maharbi ya ɗaga ko ya sauke saiti ba. A yadi 150 tana sauka da inci biyu da rabi ko uku. A yadi 200 ta sauka da inci takwas da rabi. Gudunta ma haka: daga ƙafa 2,550 ya koma kimanin 1,900 a yadi 100, sannan kimanin 1,380 a yadi 200.

Ƙarfin bugu ya fi nuna gaskiyar lamarin. A bakin bindiga kimanin jul 330 ne, jul kuwa ma'aunin ƙarfi ne. A yadi 100 saura kimanin 185, kusan daidai da abin da .22 LR mai sauri ke da shi tun a bakin bindiga, kuma wannan abin yabo ne ƙwarai. Amma a yadi 200 bai kai jul 100 ba. Ƙwaya marar nauyi tana samun gudu da wuri, tana kuma zubar da shi da wuri.

Ni dai a nawa ganin, yadi 150 ne iyakar adalci a kan dabba mai rai, yadi 125 kuma ya fi kwanciyar hankali. Ana samun wanda ya kayar da karen fili a yadi 250, ba musu. Abin da ba a ƙirgawa shi ne waɗanda aka ji wa rauni suka ja ciki suka shige rami kafin a dace da wannan guda ɗaya.

Da gaske ne iska na ɗauke shi?

Da gaske ne, sai dai yadda ake faɗar maganar akwai rashin adalci a ciki. Iskar da ke kaɗawa daga gefe da gudun mil 10 a awa, kilomita 16 ke nan, tana karkatar da shi kimanin inci uku a yadi 100, ta kai wajen inci goma sha biyar a yadi 200. A yadi 100 ɗin nan .22 LR ya fi shi karkata. To me ya sa shi ake zargi? Saboda ba wanda ke tunanin harbin kurege a yadi 170 da .22 LR, amma mai .17 HMR yana ganin dabbar tar a madubi, ya san ƙwayarsa za ta kai, sai ya manta cewa kaiwa daban, sauka inda ake so daban. Kan zomo faɗinsa bai wuce inci biyu ba. Iskar da ke motsa ganye kawai ta isa ta mayar da harbin kai ya zama harbin muƙamuƙi. Tsofaffin hannu kan fita da sassafe ko dab da magariba lokacin da iska ta kwanta, idan kuma ta taso su rage nisa.

Zan iya cin naman abin da na harba da shi?

Nan ne ake yawan yin da-na-sani. Ƙwayar V-Max mai giren 17 an yi ta ne don ta tarwatse da zarar ta taɓa jiki. Tsinin robar nan yana komawa ciki ya fasa siririyar rigar jan ƙarfe, dalmar ta watse gutsi-gutsi. Ga mai son kawar da kuregen gona wannan alheri ne, domin dabbar tana mutuwa nan take. Ga mai neman na miya kuwa asara ce: zomon da aka sama a kafaɗa daga yadi 50, rabin gabansa ya tashi daga aiki, ga ɓurɓushin dalma a cikin tsoka, idan kuma ta fasa hanji sai wari ya bi naman.

Mafita biyu ce. Ko dai a harbi kai kawai, wanda shi ne abin da masu sayar da zomo ga mahauta a Ingila ke yi, kuma daidaiton wannan harsashi ya ba da damar haka. Ko kuma a koma ƙwaya mai giren 20, irin su XTP na Hornady ko Gamepoint na CCI, masu gudun ƙafa 2,375, waɗanda ke buɗewa a hankali su ratsa ba tare da sun watse ba. Wanda kuwa farautarsa duk a cikin kurmi take, inda kuregen bishiya ba ya wuce yadi 40, gara ya riƙe .22 LR ɗinsa. Ya fi araha, ya fi shiru, bai kuma ɓata nama.

Yanyawar Turai da koyoti fa?

Yanyawar Turai, wadda ke ɗauke kaji da 'yan raguna, nauyinta kilo biyar zuwa bakwai ne galibi. .17 HMR yana kashe ta idan tana kusa, a tsaye cik, aka kuma sa mata a ƙirji ko a kai. A Birtaniya 'yan sanda kan rubuta wa wasu masu lasisi izinin haka, amma a ɗan gajeren nisa ake nufi, kuma wanda aikinsa ke nan kullum babban harsashi yake nema.

Koyoti kuma, dilan Amurka, yakan kai kilo 15 har 20, ga gashi mai kauri lokacin sanyi, ga ƙashin kafaɗa. Ƙwayar da aka yi don ta fashe a jikin kurege za ta iya fashewa a kan wannan ƙashi, ta buɗe rauni mai faɗi marar zurfi, dabbar ta gudu ta je ta mutu bayan kwana biyu ko uku. An sha kashe koyoti da .17 HMR, wannan ba abin musu ba ne, amma an sha rasa su ma. Ba na goyon bayan a fita neman koyoti da shi da gangan. Dabbar da ta yi maka ɓarna tana da haƙƙin ka gama da ita cikin gaggawa, kuma mu da aka hore mu da kyautata yanka da wasa wuƙa bai kamata wannan ya zame mana sabon zance ba.

Barewa ko gada?

A'a. Galibin jihohin Amurka sun hana farautar barewa da rimfaya, dokar barewa ta Ingila ta 1991 ma ta gindaya kauri da ƙarfin da wannan harsashi bai ko kusanta ba.

Wane ne ya fi tsakaninsa da .22 WMR?

Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kwanso guda, hali ya bambanta. .22 WMR yana jefa ƙwaya mai giren 40 da gudun kimanin ƙafa 1,900, ƙarfinsa a bakin bindiga ya haura jul 400. Ya fi nauyin hannu, ya fi ratsawa, don haka a kan dabba mai ɗan jiki a ƙasa da yadi 100 shi ne gaba. .17 HMR ya fi miƙewa, kuma yawanci ya fi daidaito: bindiga mai matsakaicin kuɗi takan tara harbi biyar a cikin inci ɗaya a yadi 100, abin da ba kowace .22 WMR ke yi ba. Tambayar da mutum zai yi wa kansa ita ce, abin da nake harbi ƙarami ne mai nisa, ko babba ne na kusa?

Akwai wasu 'yan uwa biyu. .17 HM2 ya fito a 2004, an gina shi a kan kwanson dangin .22 LR, gudunsa ƙafa 2,100, amma bai sami kasuwa sosai ba. .17 WSM na Winchester ya fito a 2013, an samo kwansonsa daga harsashin injin buga ƙusa na magina, yana tura giren 20 da gudun ƙafa 3,000. Ya fi HMR ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai bindigoginsa kaɗan ne, harsashinsa ma ba a kowane shago ake samu ba.

An ce ba ya tsalle idan ya bugi ƙasa. Haka ne?

Ya fi .22 LR dama a wannan fanni, shi ya sa manoma da yawa suka fi yarda da shi kusa da dabbobi da gine-gine. Dunƙulen dalma mai tafiya a hankali yakan daki ƙasa mai tauri ya tashi da wannan kuka da maharba suka sani, ita kuwa siririyar ƙwaya mai gudu yawanci rugujewa take yi. Amma kalmar nan "yawanci" a riƙe ta da kyau. Idan gudunta ya ragu a nesa, ko ta shafi ruwa ko ƙasa a kwance, ko kuma ƙwaya mai giren 20 ce, tana iya tashi. Idan aka harba ta sama kuma tana wuce mil guda. Saboda haka ba a harbin tsuntsu a kan reshe da ita, ba a harbin abin da ke tsaye a kan tudu sararin sama na bayansa. Kafin yatsa ya taɓa kunama, sai maharbi ya ga ƙasar da za ta tare ƙwayar idan ya kuskure.

Ƙara da dukan kafaɗa fa?

Dukan kafaɗa babu shi, har maharbi yana ganin inda ƙwayarsa ta sauka ta cikin madubi, kuma wannan na cikin abin da ke sa sabon hannu ya koyi saiti da wuri. Ƙara kuwa akwai, mai kaifi, ta fi ta .22 LR sosai, tana kuma cin kunne a hankali, don haka a toshe kunne. Maharban Birtaniya galibi suna ɗaura wa bakin bindiga abin rage ƙara. Yana rage ta albarushi, amma ba ya hana tsawar da ƙwaya ke yi idan ta keta gudun sauti.

Wace irin bindiga ta fi dacewa, kuma wace kulawa take so?

Mai sakata, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi. Savage 93R17, da CZ 457 ta ƙasar Cek, da Tikka T1x ta Finlan, da Ruger American duk sanannu ne. Bindiga mai ɗura kanta ta ba kamfanoni wahala da wannan harsashi, saboda yadda matsinsa ke tashi yakan buɗe sakata kafin lokaci. A 2009 Remington ya janye samfurinsa na 597 mai cin .17 HMR daga hannun jama'a. Sai a 2015 Savage ya fito da A17, wadda aka yi wa sakata mai jinkirin buɗewa musamman don magance wannan.

Ramin bututun siriri ne ƙwarai, sandar gogewa ta .22 ba ta shiga, sai an nemi tasa. Jan ƙarfe yana taruwa a ciki, idan harbi ya fara watsewa to lokacin wanki ya yi. Abu ɗaya da nake so kowa ya riƙe: wuyan kwanson yakan tsage, musamman harsashin da ya daɗe a ajiye, danshi ya shiga ya kashe albarushi. Idan aka harba aka ji ƙara ta yi rauni, ko ba a ga inda ƙwaya ta sauka ba, a tsaya. A cire sakata a leƙa bututun, domin mai yiwuwa ƙwayar ta maƙale a ciki, harbi na biyu a kanta kuma yana kumbura bututu ko ya yi abin da ya fi haka muni. Kada kuma a sa wa bindiga wani harsashi in ba wanda aka buga sunansa a jikin bututunta ba, ko da kwanson ya yi kama.

Ina batun dalma da tsuntsaye masu cin mushe?

Batu ne na gaske. Kuregen da aka harba aka bari a fili, shaho da mikiya ne ke sauka su cinye, tare da ɓurɓushin dalmar da ke jikinsa, kuma dalma guba ce gare su. Jihar Kalifoniya, wadda ta sha fama wajen ceto babbar ungulunta daga ƙarewa, ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yuli, 2019. Akwai ƙwayoyin .17 HMR marasa dalma, kamar NTX na Hornady mai giren 15.5 da TNT Green na CCI mai giren 16. Inda ba a samu ba, a tattara mushen a binne. A sa safar hannu wajen ɗauka, don ƙumar karen fili tana ɗauke da ƙwayar cutar annoba, zomo ma yana da tasa cutar da ke kama mutum ta rauni a fata.

Harbi yana raba gona da waɗannan dabbobi kwata-kwata?

Ba ya rabawa, ragewa yake yi. Ostireliya ce shaida: a 1859 Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gonarsa da ke jihar Victoria, cikin 'yan shekarun da suka biyo baya suka mamaye nahiyar, bindiga da tarko da shinge duk suka gaza, sai da aka sakar musu cuta a 1950 kafin adadinsu ya faɗi. Bindiga tana amfani a gona guda, a lokacin da ya dace, musamman kafin su hayayyafa, tare da rusa ramuka da gyaran shinge.

Ba kuma kowane mai tona rami ne abin harbi ba. Karen fili na jihar Utah yana ƙarƙashin kariyar dokar tarayya, sannan akwai wata dabba mai kama da tunku, mai baƙaƙen ƙafafu, wadda ta kusa ƙarewa a duniya, da ba ta da abinci ko mazauni sai a garuruwan karen fili. Kowace jiha da nata lokacin farauta da ƙa'idojinta, kuma shiga gonar mutum sai da yardarsa.

Mutum zai iya mallakarsa a Najeriya don kuregen gonar gyaɗa ko gafiya?

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa irin wannan bindigar farauta a rukunin makaman da ba a riƙewa sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, harsashinta ma haka, shigo da ita daga waje kuma sai da izini na daban. Riƙe ta ba takarda laifi ne mai kai mutum gidan yari. Ko an ajiye batun doka, wannan harsashi an yi shi ne don fili mai faɗi wanda ba kowa, inda ake hango yadi 150 ba abin da ya gitta. Gonakinmu kuwa a manne suke da juna, ga masu noma a duƙe cikin dawa, ga yara masu kiwo, ga hanyar ƙafa ta ratsa kowace gona. Kuregen da ke tone gyaɗa a irin wannan wuri, tarko da kare da toshe rami sun fi dacewa da shi.